Yadda Ake Yi wa Jakar Hannu Ado da Rataye-rataye Ba Tare da An Lalata Ta Ba

Duk wadda ta halarci biki a 'yan shekarun nan, ko take leƙa Instagram da TikTok, ta lura jakar hannu ta daina fita ita kaɗai. Wata an rataya mata tuntu, wata 'yar sarƙa, wata duwatsu, wata kuma 'yar tsana mai gashi buzu-buzu tana reto a gefe. Sunan da Turawa suka ba waɗannan abubuwa, wato "charm", in an juya shi zuwa Hausa kai tsaye, "laya" zai ba ki, amma babu abin da ya haɗa su da layar tsari. Ado ne zalla. Ni rataye-rataye nake ce musu.

Wadda aka fi jingina wa wannan yayi ita ce Jane Birkin, 'yar Ingila da ta yi rayuwarta a Faransa, wadda kamfanin Hermès ya raɗa wa shahararriyar jakarsa sunanta a 1984. Ita ba ta lallaɓa jaka. Takan liƙa mata sitikar ƙungiyoyin agaji, ta ɗaura mata duwatsu, ta cika ta maƙil. Bayan rasuwarta a watan Yulin 2023 'yan mata suka ɗauki salon ka'in da na'in. Ranar 10 ga Yuli, 2025, aka yi gwanjon jakarta ta asali a gidan gwanjon Sotheby's da ke Faris, aka saye ta Yuro miliyan 8.6, kuma har ranar abin yanke farcenta yana nan rataye a jikin maɗaurin, ga tabon sitika a fatar.

A duk labarin, abin yanke farcen nan ne ya fi tsaya min a rai. Kayan amfaninta ne, ta rataya shi inda hannunta zai kai gare shi, sai ya zama ado. Rataye-ratayen da ke yin kyau su ne waɗanda suke da alaƙa da mai jakar, kuma jakar za ta iya ɗaukar su ba tare da ta ji jiki ba. A kan wannan na gina matakan da ke tafe.

Mataki na 1: Fara da jakar, kafin ki sayi komai

Ɗauko ta, zazzage kayan ciki, ajiye ta kan tebur inda akwai haske. Abu uku za ki duba.

Na farko, jikinta. Fata ce ta gaske ko robar nan mai kama da fata? Da yawa daga jakunkunan da ke zuwa cikin lefe roba ce, kuma ba laifi ba ne, sai dai ki san halinta: zafinmu yana busar da ita, duk inda ƙarfe ya daɗe yana gogar ta sai ta fara saɓulewa, in ta saɓule kuma babu gyara. Irin wannan jaka abu mai laushi take so, tuntun zare ko na fata, ko saƙar kwarashi. Fata ta gaske ta fi juriya, amma mai sulɓi tana nuna ƙarzane, mai launi mai haske kuma tana shan rinin duk abin da ya jingina da ita.

Na biyu, zobban da maɗauri ke shiga. Sa yatsa ki ɗan ja su. In ɗinkin da ke riƙe da zoben yana motsi ko zare ya fara fita, kai wa baduku ko mai gyaran takalmi ya ƙarfafa shi tukuna.

Na uku, tsayi. Ki auna da tef ɗin tela. Ƙa'idar da nake bi ita ce, abin da za a rataya, har da ƙugiyarsa, kada ya wuce kashi 2 cikin 3 na tsayin jakar. Jaka mai santimita 24 ke nan za ta ɗauki abu mai santimita 16 ko ƙasa da haka. Dalili mai sauƙi ne: in kin ajiye jakar a kan tabarma ko kujerar mota, abin da ya wuce gindinta shi zai share ƙura, shi za a taka.

Ƙaramar pos ta dina da ta riga ta sha duwatsu masu ƙyalli, ki bar ta yadda take. Ta gama kwalliyarta.

Mataki na 2: Zaɓi guda ɗaya da zai zama uwa

Kuskuren da na fi gani shi ne a sayo biyar ko shida rana ɗaya a jibga su gaba ɗaya. Jakar takan koma kamar teburin mai koli. Fara da ɗaya, wanda ido zai fara sauka a kansa, ki yi mako guda kina fita da shi kafin ki ƙara wani.

In shawarata za ki bi, ki fara da tuntun fata na gida. Wannan ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Dubi gafakar almajiri, dubi zabirar wanzami, dubi kayan doki ranar hawan salla, duk za ki ga tuntu da geza suna lilo. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majema ke jemewa da bagaruwa a rina ta da karan dafi, ita ce ayari ya riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Har gobe in kin shiga layin dukawa a Kasuwar Kurmi ta Kano, ko wajen masu aikin fata a Damagaram da Agadas, za ki samu maratayin makulli mai tuntu ja da kore da ɗorawa, aikin hannu. Yana da laushi, ba ya ƙarzar jaka, ba ya ƙara, kuma ƙara kyau yake yi in ya tsufa.

Akwai wasu na kusa da mu. Azurfar Buzaye da aka san Agadas da ita tana zama ɗas a kan baƙar jaka. Duwatsun gilashi na masagan Bida suna da launi mai zurfi, amma suna da nauyi kuma suna fashewa, don haka uku ko huɗu sun isa. Wuri, irin kuɗin nan na zamanin da, guda biyu a kan igiyar fata ma ado ne. Sannan ki buɗe akwatinki: ɗan kunnen da ɗan'uwansa ya ɓace, tsakiyar da ta rage daga tsinkakkiyar sarƙar kakarki, maratayin makullin da Hajiya ta kawo miki tsaraba daga Makka. Waɗannan ba za ki gan su a jakar kowa ba a wurin kamu.

Sai 'yan tsana. Wadda ta fi tashe a 2025 ita ce Labubu, mai dogayen kunnuwa da haƙora 9, wadda mai zane Kasing Lung ɗan asalin Hong Kong ya ƙirƙira a 2015, kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin kuma ya fara sayar da ita a 2019. Ta bazu a duniya ne bayan an gan ta wajen mawaƙiya Lisa 'yar Tailan a 2024. Jabunta ya cika kasuwa har an ba shi suna Lafufu, kuma a 2025 hukumomin kare masu saye a Amurka da Ingila sun yi gargaɗi cewa jabun yana ɓarewa, ƙananan sassansa suna iya shaƙe yaro. Mai goyo ta kula da wannan sosai, don yaro duk abin da ke reto hannu zai kai, daga hannu kuma sai baki. Ga ƙura: 'yar tsana mai gashi ba ta mako biyu a hunturu ba ta yi futu-futu ba.

Wata magana kuma da ba zan tsallake ba. Akwai maratayan makulli masu ɗauke da sunan Allah ko aya ko ɗan ƙaramin Alƙur'ani. Kada ki rataya su a jaka. Jaka ana dire ta a ƙasa, ana shiga banɗaki da ita a tasha da asibiti, ba wurinsu ba ne. Haka nan mata da yawa ba sa son shiga masallaci ko Islamiyya da abu mai siffar halitta. In kina cikinsu, zaɓi mai ƙugiyar da ake cirewa nan take, ki jefa shi cikin jakar kafin ki shiga.

Mataki na 3: Daidaita ƙarfe da launi

Dubi zif da zobban jakarki. In ruwan gwal ne, ƙugiyar abin ratayawar ma ta zama ruwan gwal. In fari ne, fari. Wannan kaɗai yana sa ado ya zama kamar tare aka ƙera su.

In za ki kasuwa, tafi da ɗan maganaɗisu. Ƙugiyar da ya kama da ƙarfi, galibi baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal, kuma da zarar shafen ya goge tsatsa za ta biyo baya ta ɓata fata. Tagulla zalla ba ya kama ta. Danna bakin ƙugiyar sau goma a gaban mai kaya, ki tabbata tana komawa ta rufe ruf.

Batun launi, daga kayan jikinki za ki ɗauko shi. In atamfa ce mai zane da yawa, ciri launi ɗaya daga cikinta, wanda ya fi ƙaranci, ki sa tuntu mai wannan launin. In baƙar abaya ce ko shadda mai launi ɗaya, nan ne jaka ke da damar yin magana, sai ki sake mata. Leshi mai duwatsu kuwa ya riga ya cika ido, tuntu ɗaya mara ƙyalli ya wadatar.

Mataki na 4: Inda ake maƙalawa, da yadda ake yi

Wurin da ya dace shi ne zoben da hannu ko maɗauri ke shiga, don an yi shi ne domin ɗaukar nauyi. Kada ki rataya komai mai nauyi a kan marikin zif. Kullum yana jan sa ƙasa, bakin zif ɗin ya buɗe, wata rana ki ja ki ga haƙoran ba sa haɗuwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ga shi kuma dogon abu a marikin zif sauƙi ne ga mai yankan aljihu a cunkoson kasuwa.

Hanyar maƙalawa uku ce.

In mai ƙugiya ne, danna ki maƙala a zobe, bakin ƙugiyar yana kallon waje, bayanta mai sulɓi yana jingine da jakar.

In mai igiya ne ko maɗaurin fata, zarge za ki yi. Zura lanƙwasar igiyar ta cikin zoben ko ta ƙarƙashin hannun jakar, ki zura abin adon gaba ɗaya ta cikin lanƙwasar, ki ja a hankali har ya kama. Na fi son wannan hanya a kan kowace, don babu ƙarfe a kan fata.

In kuma abu ne da ba shi da maratayi, kamar ɗan kunne ko azurfa, za ki buƙaci ƙaramin zoben haɗi da filaya biyu. Ana samun su wajen masu kayan ɗinki da na sarƙa, irin su Kasuwar Ƙofar Wambai. Ga inda ake kuskure: ba a buɗe zoben ta hanyar ja hagu da dama, yin haka yana ɓata da'irarsa har abada. Kama kowane gefe na tsagar da filaya ɗaya, ki murɗa hannu ɗaya zuwa gabanki, ɗayan zuwa bayanki. Zura abin da ƙugiyar, ki murɗo su dawo har bakin biyu su haɗu. Shafa da yatsa. In kin ji kaifi ko tsaga, bai rufu ba.

Wannan tsagar ita ce abokiyar gabar mayafi. Ranar wunin wata ƙawata, ina saukowa daga adaidaita sahu, zoben da ban rufe da kyau ba ya kama gefen sabon mayafina na shifon, ya ja zare tun daga kafaɗa har ƙasa. Tun daga ranar, duk abin da zan rataya sai na goga shi a jikin tsohon gyale tukuna. In ya kama zare ko sau ɗaya, ba ya hawa jakata. Ki kuma rataya adon a zoben da ke gaba in kin saɓa jakar, gefen da ba ya manne da jikinki.

Mataki na 5: Ƙara na biyu da na uku

In uwar ta zauna, sai 'ya'ya. Su bambanta da ita ta tsayi da ta jiki: dogon tuntu mai laushi, sai jerin duwatsu da ya tsaya a rabinsa, sai ɗan ƙaramin ƙarfe a can sama kusa da zobe. In tsayinsu ɗaya, cukurkuɗewa za su yi su rufe juna. Tara su a gefe ɗaya, ki bar ɗaya gefen fili. A jakar da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, uku ne iyaka a wajena. Babbar jaka mai laushi ta zuwa makaranta ko kasuwa tana iya ɗaukar biyar.

Masu son sarƙa a gaban jaka su maƙala ta daga zoben hagu zuwa na dama, ta fi faɗin jakar da santimita 5 zuwa 8 don ta ɗan yi lanƙwasa. A tabbata ba ta hana murfi buɗewa ba.

Makullin gida ko na mota ba ado ba ne, a ciki ake ajiye shi.

Mataki na 6: Naɗe hannun jaka da ƙyalle

Wannan ado ne kuma kariya ce. Hannunmu ba ya rabuwa da mai da humra da lalle da gumi, kuma hannun jaka ne ke shanye su duka, shi ya sa yake riga ko'ina baƙi. Siririn ƙyallen siliki da Hermès ke sayarwa don wannan aiki, mai suna Twilly, tsawonsa santimita 86 ne, faɗinsa 5. Telanki zai yi miki irinsa da ragowar ankonki: ya yanka santimita 90 a tsaye da 12 a kwance, ya ninka biyu, ya ɗinke, ya juya, ya karkata bakin biyu. In atamfa ce sabuwa, a wanke ta tukuna, sitacin ya fita, a ga ko tana zuba.

Bar jela kamar santimita 10, ki ɗaura ƙulli ɗaya a gindin hannun. Fara naɗewa a karkace, kowane zagaye yana rufe rabin wanda ya gabace shi, kina ja da ɗan ƙarfi don kada ya zame. In kin kai ɗaya gindin, zura jelar ƙarƙashin zagayen ƙarshe ki ja ta ƙulle. Jela biyun su yi daidai. In ɗaya ta fi tsawo, warware ki sake, karo na biyu ya fi na farko sauri. Jaka mai hannu biyu, ko ki naɗe duka da ƙyalle iri ɗaya, ko na gaba kaɗai. Duk bayan mako biyu zuwa uku ki warware ki wanke, don damshin da ya maƙale a ƙarƙashi ya fi dattin hannu illa.

Mataki na 7: Yi tuntunki da kanki

Ki nemi guntun fata mai laushi wajen dukawa, santimita 12 a tsaye da 15 a kwance, da almakashi mai kaifi, da gam ɗin takalmi, da zare mai ƙarfi, da ƙugiya.

Kifa fatar, bayanta yana sama. Ja layi da biro santimita 2 daga bakin sama. Daga ƙasa, yanka siraran geza, kowace faɗin milimita 3 zuwa 4, ki tsaya a kan layin. Nan ne ake buƙatar haƙuri, don kyan tuntu yana ga daidaiton gezarsa. Yanko wani siririn yanki mai santimita 8 da faɗin 1, zura shi cikin zoben ƙugiyar, ninka shi biyu, ki manne bakinsa a kusurwar sama ta fatar. Shafa gam siriri a kan santimita 2 ɗin da ba ki yanka ba, ki jira ya ɗan sha iska har ya daina bin yatsa, sannan ki naɗe tamau kamar tabarma, daga gefen da ƙugiyar take. Ɗaure wuyan da zare zagaye shida ko bakwai, ki ɓoye ƙullin. Bar shi ya kwana. Da safe riƙe shi a tsaye ki daidaita gindin da almakashi.

Kafin ya taɓa jaka, a gwada rininsa. Jiƙa auduga ki goga da ƙarfi. In ta ɗauko launi, wannan tuntu na baƙar jaka ne ko mai ruwan ƙasa. Na taɓa ganin farar jaka da ruwan Agusta ya daka da jan tuntu a jikinta, kafin mai ita ta isa gida jan ya kwanta a gefen kamar an zuba zoɓo, kuma bai fita ba. Wannan gwaji ya hau kan duk abin da aka rina, na gida da na waje.

Kafin ki fita, da bayan kin dawo

Zuba kayanki a jakar, saɓa ta, ki yi taku goma a tsakar gida. Saurara. In tana kacau-kacau, ba ta dace da ofis ko gidan gaisuwa ko wajen karatu ba, cire ƙarfe ɗaya. Duba madubi ki ga ko ta karkace gefe guda. In ta karkace, nauyin ya yi yawa. Buɗe ta ki rufe da hannu ɗaya, kamar za ki ba mai adaidaita kuɗi. Sannan turare: fesa naki ki gama kafin ki ɗauki jakar, don turare yana cin ruwan gwal.

In za ki ajiye jaka fiye da 'yan kwanaki, cire duk abin da ke jikinta. Ƙarfen da ya kwana da kwanaki yana danne fata yakan bar shaida, tagulla kuma in ta sha damshin damina takan yi kore ta shafa wa fatar. Koren yana fita daga tagulla zalla da lemun tsami da ɗan gishiri, amma a cire ta daga jakar tukuna, a ɗauraye, a busar sarai. Mai ruwan gwal kuwa ƙyalle mai laushi kawai, lemun tsami zai cinye shafen. Tuntun fata a rataye shi a ƙusa don kada gezar ta lanƙwashe, 'yar tsana a kaɗe ta da busasshen buroshin haƙori. Sauran ƙananan a zuba kowanne a 'yar ledarsa, a haɗa su a gwangwani ɗaya tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse damshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Jakar kuma a cusa mata farar takarda ko tsohon ɗankwali don ta riƙe siffarta, ban da jarida, tawadarta tana zama a shafin ciki.